Darasi a kan Hawan Babur: Koyo, Doka, da Hular Kwano

A wannan wata za mu yi nazari a kan babur. Da wuya a sami ƙauye a ƙasarmu yau inda ba a jin ƙararsa. Shi ke kai manomi gona, shi ke kai mace mai naƙuda asibiti, shi ke kai mai bishara ƙauyukan da mota ba ta shiga. Samari da yawa kuma da shi su ke ciyar da iyalinsu, suna acaba. Abu ne mai amfani ƙwarai. Amma kusan kowa a cikinmu ya san gidan da babur ya sa makoki, ko kuwa ya san saurayin da ke dogara sanda yau saboda shi.

A cikin rahotonta na shekara ta 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 su ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Ta ce a cikin masu shekara 5 zuwa 29, ba abin da ya fi haɗarin hanya kisa. In an gwada da yawan jama'a kuwa, nahiyarmu ta Afirka ta fi kowace nahiya hasarar rai.

Mu fara da lura da abu guda. Wanda ke cikin mota yana da ƙarfe kewaye da shi, da gilashi, da bel. In an yi karo, ƙarfen ne ya kan fara shan wuya. Mai babur ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, jikinsa ne gangar motarsa. Abin da ke tsaya masa a maimakon ƙarfe abu uku ne: koyo na sosai, da bin doka, da hular kwano. Bari mu duba su bi da bi.

1. Iya hawa dabam, iya tuƙi dabam

Ga yadda yawancin mutanenmu su ke koyon babur. Yaro ya tafi filin makaranta da abokinsa da la'asar. Abokin ya nuna masa totur, ya nuna masa giya da birki. Ya kewaya filin sau biyar ko shida bai fāɗi ba. Kashegari sai a gan shi bisa kwalta, har da goyo. Wannan yaro ya koyi tashi, amma bai koyi tsayawa ba, tsayawa kuwa ita ce mai wuya.

Mu yi ɗan lissafi. Babur mai gudun kilomita 50 a awa yana cin wajen mita 14 a daƙiƙa guda. Daga sa'ad da idonka ya ga akuya ta faɗo hanya zuwa sa'ad da hannunka ya kama birki, daƙiƙa guda ta wuce, ko fiye. Watau ka ci mita 14 ba ka ko fara rage gudu ba. Bayan wannan, ko gwani ne a bisa busasshiyar kwalta, sai ya ƙara cin wajen mita 14 kafin ya tsaya cik. Duka kusan mita 30 ke nan. In kuwa ka riɓa gudu biyu, tazarar birki ba biyu za ta riɓa ba, huɗu ne.

Ga wani lissafi kuma. Wanda ya yi karo da bango yana gudun kilomita 30, kamar wanda ya faɗo daga tsawon mita 3 da rabi ne. A gudun 50, kamar ya faɗo daga mita 10 ne, watau bisa bene mai hawa uku. A gudun 80 kuwa, mita 25. Ba mai hankalin da zai dira daga kan bene da kai ba hula, amma kullum muna gudun 50 da kai a sake, muna ganin ba kome.

Saboda haka mai koyo ya daɗe a fili kafin ya hau hanya, tare da wanda ya ƙware. Ga abin da zai yi ta maimaitawa:

Na fari, birki biyu tare. Mutane da yawa suna tsoron birkin gaba, suna cewa ya kan kā da mutum. Amma sa'ad da a ke tsayawa nauyi ya kan koma gaba, don haka birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin, wajen kashi 7 cikin 10. Fizgarsa farat ɗaya ita ke kā da mutum. A matsa shi a hankali, a yi ta ƙarawa, ƙafa kuma tana taka na baya.

Na biyu, a rage gudu kafin a shiga kwana, ba a tsakiyarta ba. Babur da ya karkata ba ya son birki mai ƙarfi.

Na uku, ido ya dubi inda a ke so a bi. Wanda ya ƙura wa rami ido, cikin ramin zai faɗa.

Na huɗu, a koyi tafiya cikin yashi, da tsakuwa, da laka, ba tare da fizgar totur ko birki ba.

Na biyar, a koyi tuƙi da goyo a fili tukuna, gama nauyin mutum biyu ya kan ƙara tazarar tsayawa.

2. Abin da doka ta ce

A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda mutane ke kira Rod Sefti, an kafa ta a shekara ta 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na fari. Tana aiki bisa dokar shekara ta 2007, da ƙa'idodin hanya na 2012. Ga manyan abubuwan da a ke bukata wurin mai babur.

Shekaru. Ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba lasin tuƙi. Yaro mai shekara 13 ko 15 a bisa babur a kan hanya ya karya doka, wanda ya ba shi makulli kuma yana da alhaki.

Lasin. Lasin babur shi ne na aji A. Hanyar samunsa ke nan: a shiga makarantar koyon tuƙi wadda hukuma ta yarda da ita, a karɓi takardar izinin koyo, a maƙala jan harafin L, a yi gwaji wurin ma'aikatan V.I.O., masu duba lafiyar abin hawa, a biya kuɗi, kāna a je a ɗauki hoto da zanen yatsu. Akwai lasin shekara 3, akwai na shekara 5. Kada ka ba ɗan kamasho kuɗi ya kawo maka lasin kana zaune a gida. Sau da yawa irin wannan jabu ne. Ko da na gaskiya ne ma, takarda ka saya, ba ka sayi iyawa ba.

Lamba da inshora. Tilas a yi wa babur rajista, a sa masa lamba. Tilas kuma a yi masa inshora irin wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna. Wannan tilas ya samo asali tun daga dokar shekara ta 1945. Amfaninta shi ne, in ka buge ɗan wani, akwai inda za a sami kuɗin magani, ba sai an sayar da gona ba.

Hula. Mai tuƙi da wanda ya goya, dukansu biyu sai da hular kwano.

Goyo. Mutum ɗaya kaɗai a ke goyawa.

Gudu. Iyakar gudun babur kilomita 50 ne a awa, ko cikin gari ko bayan gari.

Hannu. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma bin hannun dama. A bi dama, a wuce abin hawa ta hagunsa. Bin hanya ta kishiyar hannu don a rage nisa laifi ne, ya kuwa kashe mutane da yawa.

Banda dokar ƙasa, jihohi suna da nasu dokoki. An hana acaba a tsakiyar birnin Abuja a 2006. An hana ta a birnin Kano a watan Janairu na 2013, 'yan kwanaki bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Ado Bayero. A Ikko, watau Legas, dokar 2012 ta hana ta a hanyoyi 475, aka kuma ƙara tsanantawa a 2022. Irin waɗannan dokoki su kan sāke. Wanda zai tafi neman kuɗi da babur a wani gari, sai ya tambaya tukuna, kada a ƙwace masa babur ɗin da bai gama biyan bashinsa ba.

3. Hular kwano

A watan Mayu na 1935 wani sanannen sojan Ingila, T. E. Lawrence, yana bisa babur ba hula. Ya kauce wa yara biyu masu keke, ya fāɗi, kansa ya bugu. Bayan kwana 6 ya mutu, yana da shekara 46. Cikin likitocin da suka duba shi akwai Hugh Cairns, likitan ƙwaƙwalwa. Abin ya tsaya masa a rai. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, ya bi diddigin sojoji masu kai saƙo a bisa babur, ya ga rauni a ka ne ke kashe yawancinsu. Ya buga abin da ya gano a 1941, a shekarar nan kuma rundunar sojan Ingila ta sa hula ta zama tilas. Sauran jama'ar Ingila sai a 1973 doka ta hau kansu.

A 2008 masana suka tattara bincike da yawa wuri ɗaya. Suka iske hula tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 42 cikin 100, tana rage haɗarin rauni a ka da wajen kashi 69.

Yaya ta ke aiki? Ƙwaƙwalwa abu ne mai taushi a cikin ƙoƙon kai. In kai ya tsaya farat ɗaya a bisa kwalta, ƙwaƙwalwa ta kan ci gaba, ta bugi ƙashi daga ciki, jijiyoyin jini su tsage. Hula ta gari tana da ɓawo mai tauri a waje, wanda ke baza ƙarfin bugun. A ciki kuma tana da farin soso mai kauri, wanda ke murƙushewa, ya sa kai ya tsaya a hankali. Wannan soso shi ne ran hular. Daga nan za mu gane abu huɗu. Hular magina ba ta babur ba ce, gama ba ta da soson. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta, ko ba a ga tsaga ba. Hular da ta yi wa kai yawa ba ta riƙe shi. Hular da ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba kuwa, ita za ta riga mai ita tashi.

Sa'ad da aka fara tsananta dokar hula ran 1 ga Janairu 2009, aka ga 'yan acaba a garuruwa sun kifa ƙwarya, ko tukunya, ko bokitin fenti a kā. Mutane suka yi ta dariya. Mai yiwuwa ƙwarya ta ruɗi ma'aikaci daga nesa, amma kwalta ba ta ruɗuwa.

Waɗansu su kan ce hula tana da zafi. Gaskiya ne, amma akwai mai kafofin iska, fara kuma ta fi baƙa sanyi, ta fi ganuwa. Waɗansu suna ƙyamar hular da kowa ke sawa. Sai su sa hankici a ciki, ko su sayi tasu. Waɗansu kuma su kan ce, Allah ne mai tsaro, in kwana ya ƙare hula ba ta hanawa. Hakika ranmu a hannun Allah ya ke. Amma mai faɗin haka ya kan kulle ƙofarsa da dare, ya kan rufe bakin rijiya saboda yara, ba ya kuwa ganin ya rasa bangaskiya. Wanda ya ba mu rai shi ne ya ba mu hankalin kiyaye shi.

4. A bisa hanya

Babur ƙarami ne, direban mota ya kan duba bai gan shi ba. Don haka ka yi tuƙi kamar ba wanda ya gan ka. Kunna fitila ko da rana. Sa riga mai haske, da dare kuwa mai ƙyalli.

Mararraba ita ce wurin da ya fi haɗari. Rage gudu, ka duba dama da hagu, ko da hanyar taka ce. Kafin ka juya, ka ba da sigina, ka dubi madubi, ka kuma waiwaya. Samari su kan cire madubi don ado. Wanda ya cire madubi ya cire idonsa na ƙeya.

Ka ji tsoron tirela, da tanka, da tifa. In ba ka ganin fuskar direba a cikin madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Kada ka kutsa tsakanin babbar mota da bakin hanya sa'ad da za ta sha kwana, gama ƙafafunta na baya su kan yanke kwanar, su take abin da ke wurin.

Bar rata tsakaninka da motar gaba. In ta wuce wani itace, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali. In ka iso itacen ba ka gama ƙirga ba, ka matse da yawa.

Ruwan fari ya fi kowane ruwa santsi, domin ya kan haɗu da mai da ƙurar da suka taru a kwalta duk rani. Lokacin hazo kuma, da dare, kada gudunka ya fi abin da idonka ke gani.

Barasa, da burkutu, da wiwi, da ƙwayoyi irin su taramol ba su haɗuwa da babur. Waɗansu 'yan acaba su kan sha ƙwaya don kada su gaji. Ƙwaya ba ta kawar da gajiya, ɓoye ta ta ke yi. Taramol kuwa ta kan kawo gyangyaɗi, in ta yi yawa har ta kan sa mutum ya fāɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Waya kuma, in ta yi ƙara, a tsaya a gefe a amsa.

5. Goyo da kaya

Ran Lahadi da safe mu kan ga mutum bisa babur, yaro ɗaya a kan tanki, biyu a tsakiya, matarsa a baya da jariri a goye. Mutum shida ke nan, ba mai hula ko ɗaya. Mun san dalili, babur ɗaya ne a gidan, hanya kuwa da nisa. Amma mai gida ya tuna, dukan abin da ya mallaka a duniya ya ɗora bisa taya biyu. Rami guda ya isa. Gara a yi sawu biyu, ko manyan yara su tafi da ƙafa, ko maƙwabta su taimaki juna. Sannu ba ta hana zuwa.

Mata su tattara zane da gyale, maza su naɗe babbar riga, kada sarƙa ko ƙafar baya ta kama su. Wanda aka goya ya sa ƙafafunsa bisa mataki, ya yi hankali da salansa, gama ta ƙone ƙafafun yara da yawa. Silifa ba takalmin babur ba ne, a sa rufaffe. Kaya kuma a ɗaure su tam, kada su fi ƙarfin babur, kada faɗinsu ya tare hanya. Ya ku masu hawan acaba, kuɗinku ne, ranku ne kuma. In yaro yana gudun banza, ku ce ya rage. In ya ƙi, ku sauka.

6. Duba babur kowace safiya

Wannan ba ya cin minti 5. Duba iskar taya, ka duba ko ta suɗe. Gwada birkin gaba da na baya. Gwada fitila, da ta baya, da sigina, da oda. Taɓa sarƙa, kada ta yi sako-sako, kada ta yi tauri, ka sa mata mai. Duba baƙin mai. Gyara madubi. Kuɗin takalmin birki kaɗan ne in an gwada shi da kuɗin ɗori.

7. In haɗari ya faru

Da fari a tsai da motoci, kada a ƙara wani haɗarin bisa na fari. A kira lamba 122, ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112. Kada a ɗaga wanda ya fāɗi da hannuwa da ƙafafu, kansa na lilo, gama in ƙashin wuya ya karye, irin wannan ɗauka ta kan shanye masa jiki har abada. In tilas ne a ɗauke shi, mutum guda ya riƙe kai daidai da jiki, a shimfiɗa shi bisa katako ko ƙyaure. Kada a cire masa hula sai in numfashi ya gagara. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Kada a ɗura masa ruwa.

Wanda kansa ya bugu, ko ya tashi yana cewa lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, domin jini ya kan taru cikin kai a hankali. In ya soma amai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewa, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, kada a jira gari ya waye. Ku sani kuma, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa.

8. Magana ga iyaye da masu ba da babur

Yawancin yaran da ke mutuwa a bisa babur ba su ne suka saye shi ba. Wani babba ne ya miƙa makulli. Uba ya aiki ɗansa mai shekara 14 kasuwa, yana murna yaro ya iya. Mai kuɗi ya ba saurayi babur, ya yanka masa balas mai nauyi, bai tambaye shi lasin ba, bai ba shi hula ba. Saurayin kuwa, don ya cika balas ya sami na tuwo, sai gudu, da goyon uku, da aikin dare. In ya buge wani, ba shi kaɗai ke da alhakin ba.

Saboda haka kafin ka miƙa makulli, ka yi tambaya uku. Ya kai shekara 18? Wa ya koya masa, ya kuwa ci gwaji? Ina hularsa, da ta wanda zai goya? Mai sayen babur ya lissafta kuɗin hula biyu a cikin kuɗin babur tun daga fari. Dattawa kuma su fara sa tasu, gama abin da yaro ya ga babba na yi, shi zai yi.

Tambayoyi domin nazari

1. Babur mai gudun kilomita 50 yana cin mita nawa kafin mai shi ya kama birki?
2. Don me ba a tsoron birkin gaba, yaya kuma a ke kama shi?
3. Faɗi abu biyar da doka ke bukata wurin mai babur.
4. Me ya sa hular magina ba ta isa ba?
5. Waɗanne alamu ke nuna jini yana taruwa a cikin kai?
6. A gidanku, wa ke hawan babur, wa ya koya masa, hula nawa kuma ke gidan?